Idan uwa ta kai ƙarar makarantar nazare, me hukuma ke yi da takardarta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Gabasawa. Ɗana ɗan shekara uku da rabi yana zuwa wata makarantar nazare ta kuɗi a garin da ke kusa da mu. Sati uku da suka wuce ya dawo gida goshinsa a fashe, an ɗaure da tsumma, kuma babu wanda ya aiko mana da bayani. Yayarsa ce ta ce daga kan tarin bulo ya faɗo lokacin da aka fita tara, babu malama ko ɗaya a wurin. Sai da aka yi masa ɗinki huɗu a asibiti. Da na je, mai makarantar ya ce tsautsayi ne, in yi haƙuri. Kafin wannan ma an taɓa tsintar wata yarinya 'yar ajinsu a bakin titi ita kaɗai. Maigidana ya ce in bar maganar, domin mai makarantar surukin mai unguwarmu ne. Idan na kai ƙara, wa zan kai wa, kuma me za su yi? Za su rufe makarantar? Za su faɗi sunana? Za a biya mu kuɗin magani?"

Amin wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye gaba. Ya kamata ki san daga inda nake magana: na koyar a firamare shekaru masu yawa, daga baya aka mayar da ni sashen duba makarantu a ofishin ilimi na wata ƙaramar hukuma a nan jihar Kano, a can kuma na yi ritaya. A wannan aiki na sha raka tawagar da ake turowa daga birni zuwa makarantun kuɗi na karkara, na kuma rubuta rahoto a kan koke-koken iyaye. Ban ga makarantar ɗanki ba, ban kuma ji ta bakin mai ita ba, saboda haka ba zan yanke masa hukunci ba. Abin da zan iya shi ne in bayyana miki yadda takardar ƙorafi ke tafiya daga hannun uwa zuwa teburin jami'i, da abin da ake yi da ita idan ta isa.

A ƙarƙashin tambayoyinki akwai wata da ba ki yi ba, kuma rashin sanin amsarta shi ke sa iyaye su koma gida rai a ɓace. Uwa tana zuwa ne da raunin ɗanta, tana son a faɗi wanda ya yi laifi, a ba ta haƙuri na gaskiya, a biya abin da ta kashe. Shi kuwa jami'i, da ya karanta takardar, abin da yake tambayar kansa daban ne: wane sharaɗi aka karya daga cikin sharuɗɗan da aka ba makarantar izini a kansu, kuma idan na je, akwai abin da zan gani da idona? Ba a naɗa shi alƙali tsakaninki da mai makaranta ba. Abin da ke hannunsa shi ne lasisi da ƙa'ida. Uwar da ta gane haka tana rubuta ƙorafin da za a yi aiki da shi, wadda ba ta gane ba kuwa takan rubuta shafi uku na ɓacin rai, a karanta a tausaya mata, a sa a fayil.

Makarantar tana ƙarƙashin wa?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara da iliminsu cikin ilimin matakin farko. A tarayya hukumar UBEC ce ke riƙe da wannan mataki, a jiha SUBEB, a ƙaramar hukuma kuma ofishin ilimi wanda sakataren ilimi ke shugabanta. Da a ce ɗanki yana rabin aji ne a firamaren gwamnati, da hanyar a miƙe take: hedimasta, sai kwamitin gudanar da makaranta wanda iyaye mata da masu unguwa ke da kujera a cikinsa, sai sakataren ilimi, wanda ke iya ba malami takardar tuhuma ko ya sa a sauya masa wurin aiki, sannan SUBEB.

Makarantar kuɗi ba haka take ba. Malamanta ba ma'aikatan gwamnati ba ne, sakataren ilimi ba ya biyan su albashi, don haka ba ya iya korarsu. A jihar Kano akwai hukumar kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, ita ke yi musu rajista, ita ke sabunta musu izini, ita kuma ke da ikon dakatarwa ko rufewa, a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi. Idan makarantar ta Islamiyya ce mai ajin yara ƙanana, to akwai hukumar makarantun Alƙur'ani da Islamiyya. Ga masu karatu daga Jigawa, maganar makarantar kuɗi tana ƙarewa ne a ma'aikatar ilimi da ke Dutse. Matsalar ita ce waɗannan ofisoshi a birni suke, ƙananan hukumomin Kano kuwa 44 ne. Shi ya sa nake ba mutanen karkara shawara kada su tsallake ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsu, wanda a wajenku yana Zakirai. Ko da ba shi ya ba da lasisin ba, jami'ansa su ne mafi kusa, suna iya hawa babur su leƙa makarantar a yini guda, kuma takardar da ta isa birni haɗe da rahoton sakataren ilimi ta fi wadda ta je ita kaɗai nauyi nesa ba kusa ba.

Akwai abin da ya kamata ki bincika tun yanzu, wato ko makarantar tana da rajista. A ƙauyukanmu da yawa mutum kan kama ɗaki biyu ko zaure, ya sa allo a ƙofa, ya ɗinka wa yara yunifom, shi ke nan an buɗe makaranta. Wadda ke da izini takan rataye takardarta a ofis, kuma uwa tana da damar ta nemi gani. Bayan kisan gillar da wani mai makarantar kuɗi ya yi wa ɗalibarsa 'yar shekara biyar a birnin Kano, gwamnatin jiha ta soke takardun izinin dukkan makarantu masu zaman kansu a watan Janairun 2022 domin a sake tantance su. Tun daga lokacin maganar rajista ta daina zama wasa a idon jami'ai. Idan aka je aka tarar babu ita, to ƙorafinki ya koma gefe, domin laifin buɗe makaranta ba izini ya fi shi girma, kuma wannan ne yanayin da rufewa ta fi saurin faruwa.

Abin da sufeto ke nema idan ya je

Da mai makarantar ya ce miki tsautsayi ne, bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Yaro ɗan shekara uku yana faɗuwa ko a gaban mahaifiyarsa, kuma babu hukumar da za ta hukunta makaranta don kawai yaro ya ji ciwo. Amma a cikin labarinki na ƙirga abubuwa huɗu waɗanda ba tsautsayi ba ne, kuma su ne sufeto zai bi.

Na farko tarin bulo a inda yara ke wasa. Ƙa'idojin da hukumar NERDC, mai bincike da tsara manhajar ilimi ta ƙasa, ta fitar domin cibiyoyin kula da ƙananan yara sun bukaci wuri mai shinge, filin wasa marar abin cutarwa, ruwa mai tsabta, banɗaki, da akwatin taimakon gaggawa. Bulo abu ne da ake gani, ba ya bukatar shaida. Na biyu rashin babba a wurin. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ce malami ɗaya ga yara 25 a nazare, mai raino ɗaya ga jarirai 10 a ɗakin raino. Sufeto zai ɗauki littafin kiran suna ya ƙirga yara, ya ɗauki littafin sa hannun ma'aikata ya ƙirga manya, sannan ya yi tambayar da ta fi duka tona asiri: wa ke tsaron yara lokacin tara? A makarantu da yawa amsar ita ce babu kowa, domin a lokacin ne anti ke karyawa, ko ta shiga gida ta shayar da nata jaririn. Na uku ɗaure rauni da tsumma, wanda ke nuna ko dai babu akwatin magani, ko kuma akwai shi fanko. Na huɗu, kuma a ganina shi ya fi muni, shi ne shirun da aka yi muku. Yaron da ya bugu a ka ana bukatar a sa masa ido a awannin da suka biyo baya, ko zai yi amai, ko barci mai nauyi zai ɗauke shi, ko ya rikice, kuma iyayen da ba a sanar da su ba ba za su san abin da za su lura da shi ba. Wannan ba rashin kyautatawa ba ne kawai, jefa yaro ne cikin haɗari na biyu bayan na farko.

Maganar yarinyar da aka tsinta a bakin titi kuwa, ki ambace ta, amma ki faɗi cewa ji kika yi. Mu a wajenmu abin da uwa ta gani da idonta daban, abin da aka gaya mata daban, kuma idan ta cuɗa su, mai makaranta zai kama wanda ba shi da tushe ya ƙaryata, ya rusa sauran da shi. Duk da haka ambaton yana da amfani, domin zai sa a duba ƙofa da katanga, a tambayi mai gadi, a ga ko akwai tsarin wanda ake miƙa wa yaro idan an tashi. Idan mahaifiyar yarinyar za ta yarda ta sa hannu tare da ke, to lamarin ya tashi daga hatsari guda ya zama hali, kuma hukuma ta fi tsoron hali.

Ziyarar kanta ba ta da wani tsawo. Ana duba takardar izini, a zaga wurin, a duba littattafai, a ga takardun malamai, domin mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan ita ce NCE, ko da yake a nazaren karkara sau da yawa 'yan mata ne da suka gama sakandare ake ɗauka saboda albashinsu kaɗan ne. Sannan a ji ta bakin mai makaranta, domin ba a rubuta rahoto a kan mutum ba tare da an saurare shi ba. Ziyarar bazata ita ce mai amfani, kuma a nan ne aikin ke yawan lalacewa. Na taɓa zuwa wata makaranta a kan ƙorafin cewa akwai rijiya a buɗe a tsakar gidan. Da muka isa muka tarar da murfin katako sabo fil, ko ƙura bai yi ba, yara kuma sun ragu da kusan rabi idan aka gwada da littafin kiran suna, wai duk mura ta kama su a rana ɗaya. Wani ya riga mu da waya. Abin da ya ceci wannan ƙorafi shi ne hoton da uban yaron ya sa aka ɗauka tun kafin ya kawo takarda, ga rijiyar a buɗe, ga yara a gefenta. Saboda haka idan bulon nan yana wurin har yanzu, a ɗauki hotonsa kafin kowa ya ji cewa za ki kai ƙara.

Za a rufe makarantar?

Da wuya, idan tana da rajista kuma wannan ne karon farko. Abin da aka saba shi ne a rubuta wa mai makaranta abubuwan da zai gyara, a ba shi wa'adi, a ce za a dawo. Idan aka dawo bai gyara ba sai gargaɗi a rubuce, daga nan tara ko dakatar da izini, rufewa ita ce ta ƙarshe. Ana tsallake waɗannan matakai ne idan akwai haɗarin da ba ya jira, kamar ginin da ke shirin faɗuwa, ko zargin cin zarafin yaro.

Iyaye kan ɗauki wannan a matsayin rufa-rufa, kuma ba zan ce ba a taɓa yin rufa-rufa ba. Amma akwai dalilin da jami'i mai gaskiya ma ke jan ƙafa. Idan aka rufe nazare guda ɗaya tilo da ke gari, yaran ba wata makaranta mafi kyau za su koma ba, gida za su koma, ko su bi yayyensu talla, iyayen da suka biya kuɗin zango kuma su yi asara, su juyo da fushinsu kan wadda ta kai ƙara. Don haka gyara ya fi rufewa amfani ga kowa, har da ke. Raunin tsarin yana wurin komawar nan ta biyu. Ziyarar farko takan yiwu saboda maganar tana da zafi, ta biyu kuwa tana bukatar man babur da wanda zai tuna, kuma sau da yawa ni da kaina na zuba mai daga aljihuna, wani lokacin kuma ban iya ba. Uwar da ta dawo ofis bayan wa'adi ya cika ta ce, "Ranka ya daɗe, har yanzu bulon yana nan," ita ce ke sa a koma.

Suna da kuɗin magani

Kina iya roƙon kada a faɗi sunanki, kuma jami'in kirki zai kiyaye. Amma kada in yaudare ki: yara nawa aka yi wa ɗinki a goshi a wannan makaranta cikin watan nan? Da an ambaci bulo mai makarantar ya san daga inda maganar ta fito. Takarda marar suna kuma ba ta da ƙarfi, domin babu wanda za a koma wa da tambaya, babu wanda za a ba amsa, kuma jami'ai sun san cewa masu makarantu kan rubuta irin ta a kan abokan hamayyarsu. Tunda ɓoyewar ba za ta yiwu ba, ya fi miki ki fito da sunanki cikin mutunci.

Kuɗin magani kuwa ba aikin hukumar ilimi ba ne ta tilasta biyansa. Jami'i na iya cewa mai makaranta, "Ya kamata ka ɗauki nauyin asibitin nan," kuma yawanci sukan biya don a kashe wutar, amma shawara ce. Mai ikon yanke diyya kotu ce, kuma ni ba lauya ba ne. Wanda ke son bin wannan hanya ya nemi lauya, ko ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ga marasa ƙarfi. A nawa ganin, ɗinki huɗu bai kai a yi ta zirga-zirgar kotu ba, kuɗin mota ma zai cinye abin da za a samu. Wannan ɓangaren sulhu ne ya fi dacewa da shi.

Sulhu da iyakarsa

Maganar maigidanki ba ta banza ba ce. Ku ne za ku ci gaba da zama a garin, ku haɗu da mutanen nan a wajen suna da biki da jana'iza, sufeto kuwa zai hau babur ɗinsa ya tafi. Ban taɓa raina sulhun mai unguwa ko dagaci ba, domin na ga ya gyara cikin dare ɗaya abin da takarda ta kasa gyarawa cikin zango guda. Surukutar da kike tsoro ma tana iya zama makami a hannunki, domin babu mai unguwar da ke son a ce an zo daga birni an rufe makarantar surukinsa a ƙasarsa, kuma idan ya fahimci cewa maganar na iya kai wa can, shi zai fara cewa a kwashe bulon kafin gari ya waye.

Inda nake da ja da sulhunmu shi ne yadda yake ƙarewa. A zauna a zaure, mai makaranta ya ce a yafe masa, uba ya ce ya yafe, a yi fatiha a tashi. Haƙƙin ɗanku kun yafe, kuma kuna da ikon yafewa. Amma sauran yaran da za su fita tara gobe a filin nan fa, wa ya yafe a madadinsu? Ba a rubuta komai ba, ba a sa ranar gyara ba, kuma idan wani yaron ya faɗo baɗi, jami'in da zai zo zai buɗe fayil ya ga babu komai, ya rubuta cewa wannan ne karon farko. Na sha zuwa makaranta a kan rauni mai tsanani, sai a wajen bincike in ji cewa an yi irinsa sau biyu ko uku a baya, duk an binne a zaure. Saboda haka idan za a yi sulhu, a yi shi da sharaɗi: a kwashe bulo zuwa rana kaza, a sa wadda za ta tsaya da yara lokacin tara, a sayi kayan akwatin magani, a karɓi lambar wayar kowane uba, a kuma rubuta wannan a takarda, mai makaranta da mai unguwa su sa hannu, ku riƙe kwafi.

Akwai kuma abin da ba ya shiga zaure ko kaɗan. Idan zargin taɓa yaro ne ta hanyar lalata, ko duka mai barin rauni, ko ɓacewar yaro, to ba a farawa da mai makaranta, ba a kuma jiran hukumar ilimi. Asibiti ake fara zuwa a ranar, sannan ofishin 'yan sanda da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala domin waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta fito tun 2003, Jigawa ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2021, Kano kuma a 2023. Naki lamarin, yadda kika bayyana shi, sakaci ne, bai kai wannan mataki ba, amma na faɗa saboda sauran iyaye masu karatu.

Idan an kai takarda aka ji shiru

Wannan yana faruwa, kuma maganinsa yana farawa ne tun ranar da aka kai takardar. A je da kwafi biyu, a sa ma'aikacin da ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ya dawo da shi. Da wannan kwafin ake komawa bayan sati biyu ko uku, da shi kuma ake hawa sama. Idan ofishin gwamnati ne ya ƙi yin aikinsa, akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975 kuma take da ofishi a kowace jiha, sannan Kano tana da tata hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci. Ta tarayyar ba ta karɓar maganar da ke gaban kotu, tana son ta ga an fara bin hanyoyin da ke ƙasa, kuma dokarta ta sa iyakar wata goma sha biyu daga lokacin da abin ya faru.

Wani zai ce a ƙasashen da suka ci gaba ba a wannan wahala. A Ingila hukumar Ofsted ce ke kula da wuraren rainon yara tun 2001, kuma ƙa'idarsu ta wajabta wa mai wurin raino ya binciki ƙorafin da aka kawo masa a rubuce, ya ba da amsa cikin kwana 28, ya kuma ajiye tarihin koke-koken domin sufeto ya gani. To amma ko a can hukumar ba ta shiga rigimar kuɗi tsakanin iyaye da mai wurin, ba ta kuma yanke diyya. Abin da take dubawa shi ne ko an cika sharuɗɗan rajista, daidai da abin da na faɗa miki a farko. Abin da suka fi mu da shi shi ne wa'adin amsa da kuma littafin da ba ya ɓacewa.

Da ni ne a matsayinki

Zan fara da maigida, domin ƙarar da aka kai ba da yardarsa ba za ta buɗe wata rigimar a cikin gida. Ki nuna masa cewa ba rufe makarantar kowa kike nema ba, abubuwa huɗu kike so a gyara, kuma shi zai fi dacewa ya jagoranci maganar a gaban mai unguwa. Kafin nan ki adana katin asibiti da rasit na magani, a ɗauki hoton raunin da na bulon, ki kuma sa a rubuta abin da yayarsa ta faɗa da kalmominta, ba tare da an yi ta maimaita mata tambaya ba, domin yaro idan aka matsa masa yakan fara faɗin abin da yake zaton ana so a ji.

Sannan a rubuta wa mai makarantar takarda shafi ɗaya, da Hausa ma ta wadatar. A sa kwanan wata, sunan yaro da ajinsa, ranar da abin ya faru da lokacin, abin da asibiti ya yi, abubuwan da aka gani na sakaci, da abin da kuke so a gyara cikin sati biyu. Kada a sa zagi, kada a kira kowa azzalumi, kada kuma a kai maganar Facebook, domin da zarar an yi haka sai a bar zancen goshin yaro a koma zancen ɓata suna. Idan ya gyara, ku ajiye takardar da amsarsa. Idan wa'adi ya cika bai motsa ba, wannan takardar ce za a haɗa da sabuwa a kai ofishin sakataren ilimi, a aika kwafi zuwa hukumar makarantu masu zaman kansu a birni, kuma tambayar farko da za a yi muku a can ita ce ko kun yi magana da makarantar, sai ku miƙa shaida.

Game da komawar yaron kuwa, ni ba zan mayar da shi ba sai na je da ƙafata, ba tare da sanarwa ba, daidai lokacin da ake fita tara, na ga an kwashe bulon, na kuma ga babba a tsaye a tsakiyar yaran. Idan har zangon ya ƙare ba a yi hakan ba, ku tambayi hedimastan firamaren gwamnati mafi kusa da ku ko suna da ajin yara ƙanana da zai karɓe shi.